RUWAN WANKA DA LAFIYAR FATA DA GASHI

Bayani domin Hakiman Ƙasar Daura da Malamansu

Dalilin wannan takarda

Ba a ƙasar Daura za a tsaya koya wa mutum darajar ruwa ba. Kowane yaro ya san labarin rijiyar Kusugu, da macijin da ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ran Juma'a, da baƙon nan Bayajida wanda ya kashe shi a zamanin Daurama. Tun daga wannan labari sha'anin ruwa da sha'anin sarauta su ke tafe tare, har yau kuwa in rijiyar gari ta lalace, ƙofar hakimi a ke fara zuwa.

Amma yawancin gargaɗin da a ke yi wa talakawa na ruwan sha ne. Ruwan wanka ba a cika kula da shi ba, don a ganin mutane ba ciki za shi ba. Ga abin da ya kan faru saboda wannan. Sai a haƙa wa ƙauye rijiyar burtsatse, a yi murna. Bayan 'yan watanni mata su fara ƙorafi, su ce ruwan yana cin sabulu, yana sa jiki ƙaiƙayi, yana sandarar da gashi. Daga nan sai a riƙa shan na burtsatse, wanka da wanki kuwa a koma tafki, inda sabulu ke kumfa sosai. Kafin shekara ta zagayo yaran garin sun fara fitsarin jini. An guji ƙaramin aibi an faɗa wa babba.

An rubuta wannan takarda domin hakimai da malamansu na ƙananan hukumomin Daura, da Baure, da Mai'aduwa, da Sandamu, da Zango su iya rarrabe aibin ruwan wanka iri-iri, su san wanda ke ɓata jiki kaɗan da wanda ke illa ƙwarai, su kuma san maganin kowanne. Ruwan da ya fi kumfa ba lalle shi ya fi lafiya ba.

Yadda fata da gashi su ke

Fatar mutum katanga ce tsakaninsa da cuta. A samanta akwai wani siririn maiƙo wanda jiki ke fitarwa da kansa, shi ke riƙe danshi ya hana ta tsagewa. Wannan maiƙo yana da ɗan tsami-tsami, tsamin nan kuwa ƙwayoyin cuta ba su sonsa. Masana suna da wani ma'auni da ya tashi daga 0 zuwa 14, ƙasa da 7 tsami, sama da 7 kanwa. Fatar mai lafiya tana wajen 5, sabulun sanda kuwa, har da sabulun salo, ya kan kai 9 ko 10. Watau kowane wanka da sabulu ya kan ɗebe maiƙon ya rage tsamin, sai bayan wasu sa'o'i fata ta mayar da abinta. In an ɗauraye sabulun sarai ba kome. In ya saura a jiki, sai fata ta bushe, ta yi ƙaiƙayi, a sosa, ƙofa ta buɗe wa ƙuraje.

Gashi kuwa kowane sili nasa yana lulluɓe da ɓawo-ɓawo masu hawa kan juna kamar jinka. In sun kwanta gashi ya yi laushi da sheƙi. In wani abu ya maƙale musu suka tashi, sai ya yi tauri, ya cukurkuɗe, ya riƙa karyewa a bakin mataji.

A ƙasar Daura fata tana da wani abokin gaba kuma, watau hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska ta kan bushe ƙwarai, kaushi da faso su yawaita. Aibin ruwan da ba a ji ba da damina, a wannan lokaci a ke jinsa.

Ruwan da a ke wanka da shi

Ruwan sama a wannan yanki wajen milimita 600 ne a shekara, wata shekara ya fi, wata ya kasa, kusan duka kuwa tsakanin Yuni da Satumba ya ke sauka. Sauran watanni takwas da abin da ƙasa ta adana a ke rayuwa: rijiyar guga, da burtsatse, da famfo inda ya kai, da tafkuna da kududdufan da aka haƙi ƙasar gini, da manyan madatsun ruwa irin su Sabke da Daberam. A gari kuma akwai 'yan garuwa, waɗanda mai saye ba ya ganin inda suka ɗebo.

Malamai sun san yadda littattafan fiƙihu su ke duba ruwa ta launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa. Wannan hukuncin tsarki ne, yana nan yadda ya ke. Sha'anin lafiyar jiki kuwa yana bukatar ƙarin dubawa, gama ruwa ya kan zama garau, ba wari ba ɗanɗano, alhali yana ɗauke da abin da ido ba ya gani sai da madubin likita. Aibin ruwan wanka kashi uku ne: wanda ke yawo a cikinsa ana gani, da wanda ya narke a cikinsa, da mai rai.

Aibi na farko: laka da dauɗa

Wannan shi ne mafi sauƙin ganewa, kuma mafi sauƙin gyara. Ruwan tafki da na rijiyar da ba ta da baki ya kan zo da laka, da kashin dabbobi, da abin da ruwan sama ya kwaso daga juji da masai. Laka ita kaɗai ba cuta ba ce, amma ƙwayoyin cuta suna maƙale mata. Mai lafiyayyar fata ya kan yi wanka da irin wannan ruwa ya tsira. Wanda ke da rauni a jiki, ko gyambo, ko faso mai zurfi, da jariri wanda cibiyarsa ba ta warke ba, da yaron da aka yi wa kaciya, da mai jego, su ne abin tsoro. Waɗannan duka a tafasa musu ruwan wanka a bar shi ya huce.

Akwai kuma burtsatsen da ruwanta ke fitowa fari, in ya jima a bokiti ya koma ja. Wannan sinadarin ƙarfe ne da ke cikin ƙasa, in ya sha iska sai ya yi tsatsa. Yana ɓata farin tufafi, yana barin ja a gashi da farce, amma ba ya jawo cuta a fata. A juya ruwan daga wannan bokiti zuwa wancan sau da yawa don ya sha iska, a bar shi ya kwana, da safe a tsiyaye na sama.

Aibi na biyu: ruwa mai cin sabulu

Ruwan da ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa ya kan narkar da wasu sinadarai na dutse, manyansu biyu, kalsiyam da magnesiyam, dangin alli da farar ƙasa. Su ne farin ɓawon nan da ke kama gindin tukunya ko butar shayi. Idan sabulu ya gamu da su, maimakon kumfa sai ya tsinke ya zama wani farin dusa-dusa mai danƙo wanda ke yawo a saman bokiti. Wannan danƙo shi ke zama a fata ya bushe ta, shi ke kama gashi ya sandarar da shi. Mai wanka kuma da ya ga ba kumfa sai ya ƙara sabulu, ya ƙara dirza da soso, abin ya daɗa muni. Saboda haka ƙorafin matan nan gaskiya ne, kada hakimi ya ɗauke shi shagwaɓa.

Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya, wadda aka fitar a 2007, ta sa iyakar waɗannan sinadarai miligiram 150 a kowace lita. Ruwan sama kusan ba shi da su ko kaɗan, na tafki ma kaɗan ne, don asalinsa ruwan sama ne da ya taru. Dalilin kumfarsa ke nan.

Likitocin Ingila sun daɗe suna bincike a kan wannan, don kudancin ƙasarsu ruwansa mai cin sabulu ne ainun. A 1998 aka bayyana wani bincike da aka yi a yankin Notingam, inda aka tarar wani ciwon fata na yara da a ke kira ekzima, mai sa bushewa da ƙaiƙayi a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, ya fi yawa a unguwannin da ruwansu ya fi cin sabulu. Wannan ciwo dabam ya ke da ƙyasbi. Daga baya aka gwada a gani ko gyara ruwan zai warkar. Aka ɗauki yara 336 masu ciwon, aka kafa wa gidajen rabinsu na'urar cire sinadaran har mako 12. Da aka bayyana sakamako a 2011, ba a ga waɗanda aka kafa wa na'urar sun fi sauran samun sauƙi ba. A 2017 kuma masana na Shefil da Landan suka nuna cewa irin wannan ruwa yana sa sinadarin wanki ya fi maƙalewa a fata. Abin da za a ɗauka daga nan shi ne, ruwa mai cin sabulu yana wahalar da fata, musamman mai rauni tun asali, amma ta hanyar sabulun da ya saura ya ke yin ɓarnarsa, kuma ba a san shi da kisa ko nakasa ba.

Game da gashi, ya kamata a wanke ruwa daga laifin da ba nasa ba. Sanƙo gado ne, furfura shekaru ne. Zubewar gashin goshi da na gefen kunne ga mata yawanci daga kitso mai tsanani ne da mayukan miƙar da gashi. Abin da ruwa ke yi shi ne taurarawa da dusashewa.

Maganin wannan aibi ba ya bukatar kuɗi mai yawa:

1. A rage sabulu, a ƙara ruwan ɗauraya. Kada a yi wanka da sabulun soda ko garin sabulun wanki.
2. A shafa man kaɗanya ko wani mai mara ƙamshi nan da nan bayan wanka, tun jiki da sauran danshi, musamman da hunturu.
3. Mata su matse ɗan lemun tsami cikin kwanon ruwan ɗaurayar ƙarshe na gashi, gama tsami yana narkar da danƙon. A kiyaye ido, kada kuma a zuba wa kai mai ƙuraje. A bar kitso ya bushe kafin a ɗaura kallabi.
4. Da damina a tari ruwan indararo domin wankin kai da wankan jarirai, bayan an bar na farko ya wanke rufin ya zube.
5. Tafasawa tana rage wani kashi na sinadaran, shi ne ɓawon da ke saura a tukunya, amma ba ta cire su duka.

Aibi na uku: tsargiya

Wannan shi ne babban abin da ya kamata hakimi ya sa wa ido. Tsargiya tsutsa ce, ba shanta a ke yi ba, ta fata ta ke shiga. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganinta a Alƙahira a 1851, a 1915 kuma Robert Leiper ya tabbatar a can Masar cewa ta cikin dodon koɗi na ruwa ta ke bi.

Ga yadda ta ke zagayawa. Mai ciwon ya yi fitsari a tafki ko a bakinsa, ƙwan tsutsar ya faɗa ruwa ya ƙyanƙyashe. Abin da ya fito ya nemi wani ƙaramin dodon koɗi da ke maƙale a ciyayin bakin ruwa, ya shiga jikinsa ya hayayyafa har wajen wata guda. Sa'an nan dubban 'yan tsutsotsi masu wutsiya su riƙa fitowa suna iyo, sun fi yawa kuwa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora yara ruwa. Duk wanda ya shiga, cikin 'yan mintoci sun huda fatarsa ba tare da rauni ba. Alamar farko ƙaiƙayi ne da 'yan ƙuraje a inda ruwa ya taɓa, su ɓace cikin kwanaki, a manta. Tsutsar kuwa ta wuce cikin jijiyoyin jini, ta girma, ta zauna kusa da mafitsara tana zuba ƙwai shekara da shekaru. Bayan wata biyu ko uku sai a ga jini a ƙarshen fitsari.

A wasu wurare a kan ɗauki wannan jini alamar balaga ga yaro namiji, ko a ce zafin rana ne. Ba haka ba ne. Ciwo ne mai rage jini, ya hana yaro girma da fahimtar karatu. In ya daɗe ya kan lalata ƙoda, ya kan kai ga ciwon daji na mafitsara, ga mata kuma ya kan taɓa al'aura da mahaifa.

Ba baƙon ciwo ba ne a Jihar Katsina. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tare da na makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful sun yi dogon bincike a ƙasar Malumfashi, har suka riƙa lura da masu shiga madatsar Ruwan Sanyi. Sun tarar yara maza masu iyo da wanka su ne ciwon ya fi kamawa. Duk inda ruwa ya kwanta watanni, da ciyayi a bakinsa, mutane kuma suna shiga, to, a yi zaton haka, ko tafki ne, ko dam, ko magudanar noman rani.

Sa'ar da aka yi ita ce, 'yan tsutsotsin nan ba su da tsawon rai in ba su sami jikin mutum ba. Ruwan da aka ɗebo aka ajiye kwana biyu cur, ba dodon koɗi a ciki, ya kuɓuta daga gare su. Saboda haka gidan da ba shi da wani ruwa sai na tafki ya tanadi randa uku masu murfi: ta yau, da ta jiya, da ta shekaranjiya. Kullum a yi wanka da ta shekaranjiya, a wanke ta, a sake cika ta. Murfin wajibi ne don sauro. Mai ɗiba kuma ya tsaya a tudu ya jefa guga, kada ya tsunduma ƙafa. Tafasawa ma tana kashe su nan take, sai dai itace ya yi tsada, ajiyewa kuwa kyauta ce. Maganin ciwon, watau furazikwantel, yana nan a asibiti, a kan kuma raba shi ga 'yan makaranta bisa ga tsawon yaro, a sha bayan an ci abinci. Amma wanda ya sha ya koma tafki zai sake kamuwa.

Ciwon da ƙarancin ruwa ke kawowa

Akwai cututtukan fata da a ke ɗora wa ruwa laifi alhali daga mutum zuwa mutum su ke yaɗuwa. Ƙazuwa wani ɗan ƙwaro ne da ke haƙa rami a fata, ana ɗaukarsa ta kwana wuri ɗaya da haɗa tufafi. Ƙora da makero kuwa dangin fumfuna ne, suna bin aska da mataji da hula. Kwarkwata ma haka. Ba irin ruwan ke kawo su ba, rashinsa ke taimakonsu. Inda jarka ɗaya za ta ishi gida sha da girki, wanka da wanki su a ke fara yankewa. An ga haka a farin 1973 da na 1984, sa'ad da rijiyoyi da yawa na Arewa suka ƙafe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta lita 20 ga kowane mutum a yini ita ce mafi ƙarancin bukata, watau jarka ɗaya, ko garwa ɗaya da ɗan ƙari. Kafin wanka da wanki su wadatu sai an kai wajen lita 50. Don haka rijiya mai cin sabulu a tsakiyar gari ta fi wa fata amfani bisa ruwa mai daɗi da ke nesa.

Amma wanka kaɗai ba ya warkar da su. Ƙazuwa, wadda Hukumar ta sa cikin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2017, sai da maganin asibiti, kuma a yi wa dukan 'yan ɗaki rana ɗaya, a wanke tufafi da shimfiɗa da ruwan zafi a shanya a rana. Ƙora ba ta jin man shafawa kaɗai, sai an sha ƙwaya mako shida zuwa takwas. Makarantun allo na kwana da na boko su ne wuraren da za a fi lura.

Abin da tacewa ke iyawa da abin da ba ta iyawa

Tacewa ta taɓa yi wa ƙasar nan babban aiki. A ƙidayar 1988 zuwa 1989 an sami fiye da mutum 650,000 masu kurkunu a Nijeriya. Kurkunu ta ruwan sha ya ke shiga, cikin wani ɗan ƙwaron ruwa wanda ƙyalle mai ƙananan ido ke iya tarewa. Aka raba matatan ƙyalle ƙauye-ƙauye, da taimakon cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, Janar Yakubu Gowon kuma ya zazzaga yana roƙon sarakuna da gwamnoni. An ga na ƙarshe a 2008, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya ta rabu da shi. Matata ta ci nasara a nan don ta dace da aibin da aka nufa. Kowace hanya tana da iyakarta:

Ƙyalle. Yana tare ciyayi da ƙwari da laka mai kauri. Kada a dogara gare shi don tsargiya, ba ya kuma taɓa abin da ya narke.

Alif da ƙwayar zogale. Suna tattara laka ta kwanta. Matan Sudan sun daɗe suna amfani da zogale haka, masana kuma sun gwada sun tabbatar. A ɓare busassun ƙwayoyi kamar goma ga jarka ɗaya, a daka, a dama, a zuba a juya, a bari sa'a ɗaya ko biyu, a tsiyaye, a yi amfani da shi a ranar. Alif kuwa ɗan kaɗan ya isa, in ya yi yawa shi ma yana busar da fata.

Matatar yashi. Da irinta aka fara tace ruwan birnin Landan a 1829. A gida a kan sami ganga, a zuba tsakuwa a ƙasa, sa'an nan yashi mai gari-gari wanda aka wanke, zurfin rabin mita ko fiye, ruwa ya bi a hankali ya fita ta bututu. Tana cire laka da tsutsotsi da yawancin ƙwayoyin cuta, amma sai ta yi 'yan makonni tana aiki kafin ta kai ƙarfinta, kuma kada a bar yashin ya bushe.

Gawayi. Yana ɗauke wari da ɗanɗano.

Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke hana ruwa cin sabulu, gama abin da ya narke ya kan bi ruwa ya wuce, kamar yadda gishiri ba ya tsayawa a rariya. Wannan sai wata na'ura mai tsada da a ke ciyar da ita da gishiri.

Famfo, da tanki, da shawa

Ruwan famfo da aka gyara a kan sa masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, abin da ke isowa gida kuwa kaɗan ne, wajen rabin miligiram a lita ko ƙasa da haka. Warinsa shaida ce an gyara ruwan. Mai fata mara jimiri wanda ya ke jin yana busar da shi, ya tara a bokiti ya bari ya kwana, yawancinsa zai fice.

A gidajen da ke da shawa ruwan daga tankin sama ya ke zuwa, aibin kuwa sau da yawa a tankin ya ke. In ba murfi, ƙura da ƙadangaru da kashin tsuntsu su faɗa, gansakuka ta fito. A rufe shi, a wanke shi aƙalla sau biyu a shekara, a kwance kan shawa a jiƙa shi cikin ruwan tsami in farin ɓawo ya toshe shi.

Yanzu ana sayar da wata 'yar matata da a ke ɗaura wa kan shawa, ana cewa tana gyara fata ta tsirar da gashi. Yawancinsu gawayi ne da makamantansa a ciki. Suna rage kulorin da tsatsa, ba su cire sinadaran cin sabulu, ba su mayar da ruwa mai cuta lafiyayye, in kuma ba a sake abin cikinsu a kan lokaci ba su da kansu su kan zama maɓoyar ƙwayoyin cuta. Wanda ruwansa na burtsatse ne, ba kulorin a ciki, kusan ba abin da za ta yi masa.

Aikin hakimi da malaminsa

1. Malamin hakimi ya buɗe littafi, kowane gari da shafinsa: inda a ke ɗiban ruwan sha, inda a ke wanka da wanki, watan da kowanne ke ƙafewa, da nisansa. A tambayi mata, su suka fi sani.
2. Ya gwada cin sabulu da kwalabe biyu, ɗaya rabinta ruwan sama, ɗaya rabinta ruwan rijiyar, a sa sabulu daidai wa daida a girgiza. Bambancin kumfa zai nuna. Ya rubuta.
3. Inda aka sami burtsatse mai aiki amma ana wanka a tafki, dagaci da mai unguwa da liman su tara jama'a a yi musu bayanin da ke sama.
4. A tambayi shugabannin makarantu da alarammomi ko akwai yara masu fitsarin jini, a kai adadin ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma ba tare da tona sunan kowa a fili ba. In masu rabon magani sun zo, hakimi ya ba su goyon baya.
5. A hana fitsari da bayan gida a bakin ruwa. Masai ya nisanci rijiya da mita 30 aƙalla, marina da majema su fi haka.
6. Kowace rijiya a ɗaga bakinta, a yi mata daɓe da magudana, a rataye guga, a ware kwamin dabbobi.
7. Sabuwar burtsatse, a nemi a auna ruwanta kafin a karɓa. Wadda ruwanta ya sake launi ko wari, a sanar da duba-gari da hukumar ruwan karkara ta jiha, watau RUWASSA.
8. Wanzamai da masu aski da makitsa su tsabtace kayan aikinsu tsakanin mutum da mutum.

Ba a bukatar hakimi ya zama likita. Abin da a ke bukata shi ne, in talaka ya zo ya ce ruwan garinsu yana ɓata jiki, a saurare shi, a bincika wane aibi ne cikin ukun, a ba shi shawarar da ta dace, kada a bar shi ya koma tafki da 'ya'yansa don neman kumfa. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba da lafiya da zama lafiya, amin.